Sarƙar Wuyan Matar Gwangwani

Matata ta ce ɗakina ya koma rumfar 'yan gwangwan, ban kuwa yi mata musu ba. Akwai kwalayen ashana masu hoton jirgin ruwa, da gwangwanayen shayi, da farantan samira da furanninsu suka fara ɓarewa, da takardun nan masu ruwan zinariya da ake liƙa wa atamfa a da. Duk ranar Talata nakan zagaya bayan kasuwar Mafara ina tonon tarkacen da wasu suka gaji da shi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne wahalar da masu zanen suka sha. Mutum ya zauna ya yi wa harafi ƙafa da wutsiya, ya kewaye shi da ganye, duk don kwalin da za a yar. Wane ne shi? Ya taɓa kawowa a ransa cewa aikinsa zai ƙare a ƙauye irin Dosara ana ajiyar daddawa a ciki?

Da na daɗe ina tarawa sai na lura kusan duk mai rai da ke jikin kayan nan an yanka shi. Zaki, zakara, Bature mai malafa, kowa da layi a wuya. Dattawanmu ba sa yarda hoton mai rai ya zauna a ɗaki sai an raba kai da gangar jiki. Wani da ƙusa yake kartawa, wani ya goge idanun da dutse. Mahaifina mahauci ne, don haka yankansa na gwanaye ne: tsinin wuƙa, ja guda, daidai maƙogwaro. Ko zakaran kwalin ashana bai tsira a gidanmu ba.

Abu guda ne ya kuɓuta, gwangwanin biskit ɗin Inna, wanda ya zo cikin kayan aurenta daga Birnin Tudu. Shuɗi ne, a murfinsa akwai wata mata mai jan kumatu riƙe da kwando, bayanta wani tsauni mai farin kai da na yi ta tambayar abin da aka zuba masa. A ciki Inna ke ajiye allura da zare da kwalli, matar kuwa "ƙawata" take ce mata. Ranar da Baba ya nufo gwangwanin da wuƙa, sai Inna ta rungume shi.

"Malam, mace ta. Bai kamata namiji shi taɓa mata wuya ba. Bar ni in yi da kaina."

Ta ɗauki basilla ta zauna a inuwa tana ɗiga ƙananan huji, daga ƙasan wannan kunne, ta lanƙwaso ta kai wancan, ta sa babban ɗigo a tsakiya. Inna bahaguwa ce, sai ɗigon ya ɗan karkace gefe. Baba ya karɓa ya juya ya juya.

"Wanga yanka na ko ado?"

"An dai raba kai da jiki," in ji Inna.

Ya yi tsaki, amma na ga gashin bakinsa na rawa. Matar gwangwani ta samu sarƙa, ta kuma zauna da mu har muka girma.

Da Inna ta rasu aka kwashe kayan ɗakinta zuwa gidan yayana a Bakura. Gwangwanin nan kaɗai nake so, amma kunya ta hana ni magana, kada a ce ana zaman makoki ina lissafin gado. Sai bayan sadakar arba'in na je na tambayi gwangwanin. Matar yayana, abokiyar wasata, ta kwashe da dariya.

"Wanga mai tsatsa? Ai na haɗa shi da tsohhin kwanoni na ba 'yan gwangwan. Dubi bahon roba da sunka ba ni, sabo hul!"

Ranar babu wasa tsakaninmu. Na kalli bahon, kore shar, babu ko ɗigon zane a jikinsa, na ji kamar in yi ƙwallo da shi. Na hau babur ban ko sha ruwan da ta kawo ba.

Masu yawon musanyen nan duk wurin dila guda suke kai kaya a Mafara, a auna, a daddake da guduma, a loda wa tirela. Dilan ya bar ni na shiga tsibin ƙarafan har na yanke yatsa. Na samo irin gwangwanin, har fiye da guda, amma kowace mata da layin wuƙa a wuyanta. Daga baya ya ce kayan Bakura sun bi motar da ta tashi tun wancan makon. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, baƙin ciki ya dawo mini sabo kamar ranar jana'iza.

Ban daina dubawa ba, ko da na san aikin banza ne. Bayan damina na je kasuwar Maradun neman farantai, sai na hango shuɗin murfi a gaban wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli. Ta zuba yaji a ciki. Na matsa, ga kwando, ga tsauni, ga sarƙa a wuya. Na durƙusa muka gaisa, gajiya, gida, iyali, ciniki, idona duk yana kan murfin.

"Inna, ina kika samo gwangwanin nan?"

"Samowa? Da shi anka kai ni ɗakin miji."

"Ki yi haƙuri, na mahaifiyata ne. Wannan sarƙar ita ta yi ta."

Ta ɗago ta ƙura mini ido. "Wa ta innar taka?"

Na faɗi sunanta, na ce 'yar Birnin Tudu da ta auri mahauci a Mafara. Ta tambaya ko tana lafiya, na ce Allah ya yi mata rasuwa. Tsohuwa ta yi salati, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

"Ɗana, gwangwanin nau na, amma hannun na innarka na. Shekara guda anka yi muna arme, mutum guda yas saida ma iyayenmu su. Taz zo ganin gida tat tarar da ni ina kuka, maigidana za shi yanka min matar gwangwani, tac ce in ba ta basilla. Ba ni ɗai ba, duk sa'o'inmu ita tay yi muna. Akwai mai guda ƙauyen Dakko, in tana da rai."

Shekara da shekaru ina tsammanin dabarar Inna a ɗakinta ta tsaya. Na roƙi tsohuwar ta sayar mini, ta girgiza kai.

"Ba na saidawa ba na. Riƙe dai ka gani."

Ta goge yajin da bakin zanenta ta miƙo mini murfin. Na bi ɗigogin da babban yatsa, daga wannan kunne zuwa wancan. Na tsakiyar ya ɗan karkace gefe. Mutane na ta wucewa a kaina, ni kuwa ina durƙushe ina sake bin ɗigogin.

Da na mayar mata, ta rufe yajinta, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda.

"In ka zo Maradun," in ji ta, "ka biyo ka gaida ƙawarmu."