Hanyar da Malam Gide Ya Share

In ana lissafin mutanen da suka yi aikin da aka rasa gane kansa a ƙasar Faskari, da Malam Gide ake farawa. Shi ne ya share hanyar da ba ta zuwa ko'ina. Ka hau ta daga gindin kanya, ka yi ta tafiya har yunwa ta kama ka, ka ɗaga kai sai ga ka a gindin kanyar nan dai.

Abin ya samo asali ne a zamanin Turawa, farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin, lokacin da aka shata dajin da ke tsakanin Ruwan Godiya da Sabuwa aka ce ya zama gandu. Ba sara, ba farauta, ba kiwo, ba zama. Ƙauyen su Gide, Unguwar Tafki, ya faɗa ciki, aka tashe su suka koma bakin hanya. Kowa ya haƙura in ban da mahaifiyarsa, Inna Fatsuma. A can aka kawo ta amarya, a can aka rufe mijinta, kuma ranar tashi tana kwance da zazzaɓi, a kan jaki aka ɗauke ta, ko waiwaye ba ta samu ta yi ba.

To Gide ɗan fari ne, ita kuwa Inna irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta yaba abin da ya yi, ba ta ma kushe shi. In tana da saƙo, sai ta jira ya zauna bayan zana, ta ɗaga murya ta gaya wa matarsa Mairo. Mutum da furfura a gemu, amma a bakin uwarsa sunansa "wancan".

Ta haka ne wata rana da yamma ya ji tana cewa, "Mairo, ƙafafun nan nawa ba za su ga bayan damina ba. Da dai na ga kufaina sau guda kafin su ƙi ni."

Mairo ta ce, "Allah ya sawwaƙe, Inna." Shi kuwa bayan zana ya ci gaba da wasa addarsa. Amma maganar ta soke shi, don ya san gaskiya ce. Sanyin ƙashi ya riga ya ci gwiwoyinta, gandu kuma ya rufe ruf da sarƙaƙiya, kuma duk wanda malamin daji ya kama a ciki sai gaban alƙali.

Ana nan sai Baturen daji ya zo rangadi da iyalinsa, ya ga tafkin da ke cikin gandun, ya ce ya yi masa. Ta bakin tafinta ya ce yana son a share hanya ta kewaye ruwan, mai sauƙi, wadda matarsa da 'ya'yansa ƙanana za su iya bi. Kuma in an gama, kowa ma zai iya binta, muddin bai riƙo gatari ko wuta ko tarko ba.

Dattawa suka tambaya, "Ranka ya daɗe, ina hanyar za ta kai mutum?"

Tafinta ya ce, "Inda ya taso."

Wani tsoho ya ce to shi yanzu ma inda ya taso yake, ba sai an wahala ba. Babu wanda ya karɓi aikin sai Gide, wanda ya miƙe tun kafin tafinta ya rufe baki.

Ya sha dariya, wallahi. In ya shiga kasuwar Yankara sai a ce, "Malam Gide, an kusa isa?" Shi kuwa ya ce, "An kusa dawowa," ya sayi gishirinsa ya wuce. Mutum ne da ba ka gane fushinsa, ba ka gane murnarsa, fuska ɗaya yake zuwa da ita biki da jana'iza.

Bature ya kafa turaku a bakin ruwa ya ce a bi su. Kufan kuwa yana can ciki kaɗan, bayan wata tsamiya. Gide ya tumɓuke turakun gefen nan ya kai su inda yake so. Da Bature ya dawo ya ga hanya ta yi ciki, ya tambayi dalili.

Gide ya ce, "Kada na shan hantsi a nan, ranka ya daɗe. Ga yara."

Kadan da ke tafkin nan an daɗe da cinye shi, Gide ma ya ci rabonsa. Amma Bature ya yaba da wannan hangen nesa.

Sauran aikin duk da ƙafar Inna ya auna shi. Kullum in za ta gidan maƙwabta, sai ya tsaya nesa kamar yana gyaran danga, yana lura da inda numfashinta ke ƙarewa ta dafa bango. Gwargwadon wannan tazarar yake jan gungumen icce ya ajiye a inuwa. Inda akwai hawa ya kewaye shi. Inda akwai saiwa ya tone ta. Ƙaya kuwa da hannu ya bi yana tsince ta, don ya san Inna ba ta yarda da takalmi ba. Matar Bature ta bi hanyar ta ce ba ta taɓa ganin mai tausayin yara irin wannan mutumin ba. Tafinta ya fassara masa, ya ce ya gode.

Aka gama hanya, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mairo ta kai wa Inna albishir cewa hanya ta bi ta ƙofar kufai. Inna ta ce ba za ta ba.

"Haba Inna, don me?"

"In fita in je kallon aikin wancan, yana tsaye, gari na gani? A ce tsufa ya cire mani kunya? Allah ya kiyaye."

Kai, wannan tsohuwa da taurin kai take! Gide yana bayan zana, ya ji duka. Rani guda ya yi yana kwatanta yadda za ta yi in ta hango tsamiyar nan, shi ke nan abin da yake so ya gani da idonsa. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Mairo, gobe zan tafi Sabuwa, addata na son maƙeri. Sai jibi." Addar nan kuwa ko gashi za ta aske.

Ya tafi, ya kwana a zauren wani abokinsa Sha'ibu, ya dawo. Babu wanda ya gaya masa ko Inna ta je. Mairo ta kawo ruwa, Inna na ɗaki. Bai tambaya ba, don ba abin tambaya ba ne. Da gari ya waye ya ɗauki tsintsiyarsa ya nufi gandu kamar kullum.

Tun daga gindin kanya ya ga sawun. Ƙafa ƙarama ba takalmi, tana ɗan jan hagu, ga ramin sanda a gefe, ga sawun Mairo a baya. Ya bi a hankali, yana taka gefe don kada ya ɓata. Kowane gungume ta zauna a kai. A kufai sawun ya bar hanya, ya shiga inda ɗakinta yake a da, ya kewaya, ya je wajen tsamiya ya tsaya. Ƙasar wurin ta kwanta sosai, alamar an jima. Gide ya tsuguna nan ya yi kuka, kuka na sosai, tunda ba kowa sai tsuntsaye.

A hanyar dawowa ne ya ga kuskurensa. Tsakanin kufai da gungume na gaba, ta zauna a ƙasa. Ya auna tafiyar mai zuwa, bai auna ta mai barin wurin ba.

Da yamma yana bayan zana sai ya ji muryarta.

"Mairo, mai hanyar can bai gama aikinshi ba. Akwai inda ya kamata ya aje icce bai aje ba. Ubanshi ba zai yi wannan mantuwa ba."

Mairo ta ce, "Za a gaya mashi, Inna."

Tunda aka haife shi, ranar ce ta fara cewa wani abu a kan aikin hannunsa. Mairo ta ce da ta kai masa tuwo ta same shi yana murmushi shi kaɗai, har ta tsorata ta tambaya ko lafiya.

Ruwa ya sauka a makon nan, kuma Inna ba ta ƙara taka ƙofar gida ba. Gide ya san haka sarai. Duk da haka ya shiga cikin ruwan, ya sami gungumen marke mafi santsi, ya ja shi cikin taɓo shi kaɗai har wurin da ta zauna a ƙasa. Da ya dawo jiƙe sharkaf, ya zauna bayan zana ya ce, "Mairo, an aje."