Mangwaron gidanmu na Kokoro

Shekarun baya, 'ya'yana, jikata mai ɗaukar hoton biki ta shigo gida da wani ɗan jirgi mara matuƙi, girmansa bai fi faifai ba. Ta samo takardar izini, ta samu malamar da ke koya mata tuƙinsa a wani fili can bayan gari. Ni kuwa tsohuwa ba aikin fari, sai in ɗauki tabarmata in bi su.

Ranar farko ya kifa, farfela guda ta karye. Malamar ta ce, "A hankali. Kada ya ɓace wa idonki, kada ki bi ta kan mutane, kada ki doshi filin jirgi. In iska ta taso, ki sauke shi." Haka take maimaitawa kullum, har ni da ban yi boko ba na haddace.

Wata safiya jikata ta miƙo min wayar da ke nuna abin da jirgin ke hangowa, na ga rufin kwano jere har inda ido ya tsaya. Sai na tuna gidanmu na unguwar Kokoro, wanda muka baro shekarar tashin hankali muka dawo kusa da Titin Koudoukou. Wasu ne a cikinsa yanzu. A tsakar gidan akwai mangwaron da marigayi maigidana ya dasa da hannunsa. Tafiyar ba nisa, amma ƙafata ta ƙi zuwa. Abu ɗaya nake son sani: yana nan, ko sun sare?

Na ce, "Ƙawata, aika min jirgin ya leƙo."

Ta ce, "Kaka, ba zan iya ba."

"Kin iya mana! Jiya har juyi na ga kina yi da shi."

"Wa ya murɗe min kunne ranar da na leƙa gidan maƙwabta ta katanga? Akwai mata a gidan nan. Kuma kin san unguwar nan, a ji ƙugi a sama, yara sai ƙarƙashin gado."

Kwana biyu ban sha shayinta ba. Ni da furfurata, ina gaba da yarinya don ta riƙe tarbiyyar da na ba ta.

Rana ta uku na yafa mayafi muka hau tasi. Na tsaya na yi sallama a ƙofar da na shekara talatin ina shiga ba sallama. Matar gidan ta fito, jikata ta yi mata bayani da Sango, yaren ƙasar. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Mama, shigo." Ta aika aka gaya wa maƙwabta, ta kwashe shanyarta, ta tara 'ya'yanta a bakin ɗaki. Na ce mata singila, wato na gode.

Mangwaro yana nan. Ya yi kauri, hannuwana biyu ba su zagaye shi ba. Inda maigidana yake shimfiɗa buzunsa, murhu ne yanzu.

Jirgin ya tashi daidai tsayin bishiyar, bai ƙetare katanga ba. Jikata tana cewa, "Kaka, zo ki gani!" Ban je ba. Goshina yana jikin icce.

Hoton yana wayata har yau: ganye kore shar, ga ɗan farin mayafi a gindinsa. Da jikata ta bi maganata, da ganyen kawai zan gani daga sama, ban taɓa shi ba. Duk lokacin mangwaro matar takan aiko min da kwano guda. Nakan daɗe ina shinshinawa kafin in bari a yanka.