Injiniya Nasidi da Murfin Ramukan Al Sadd

Kowace safiya, kafin ma'aikatan asibitinmu na unguwar Al Sadd, a nan ƙasar Larabawa, su gama shan shayin karak, Injiniya Nasidi ya riga ya shiga ɗakin sanyi. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan kantin magani, babu taga, cike da akwatunan ƙarfe masu ƙyafta korayen fitilu. Ta nan hoton ƙirji da sakamakon jini da sunan kowane majinyaci suke bi daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Yakan tsaya shiru ya saurari kukan fankoki, sannan ya ɗora bayan hannunsa a kan kowane akwati kamar mai duba zazzaɓi. Shekara goma sha tara ke nan yana haka. Ni da nake zagaya ofisoshi da tiren shayi na sha tsayawa a bakin ƙofar, ina raya wa raina cewa kowace ƙyaftawa wani bawan Allah ne ya wuce. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma Gumel, shi ya sa na nemi biro.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo masa sabon shugaba, Sherif, ɗan Zongon Kumasi, yaro mai kaifin kai. Ya zo da jerin abubuwan da ya ce duk manyan kamfanoni sun koma kansu: a toshe wa masu kutse hanya, a sa sabon waifai a kowane hawa, a kwashe bayanan asibiti a kai ma'ajiyar intanet da suke kira girgije, a bar ƙirƙirarriyar basira ta riƙa gadin layuka. Nasidi bai ƙi ko ɗaya ba. Ya sa tabarau ya koya, har ya riga wasu samarin ganewa. Tambaya guda kawai ya yi. Tunda yanzu komai namu zai zauna a waje, ta wace hanya zai riƙa dawo mana? Sherif ya nuna masa takarda: layi biyu ne, daga kamfani biyu, in ɗaya ya mutu ɗaya ya ɗauka.

"Khalas, Baba, magana ta ƙare. Ka kwantar da hankalinka."

Hankalin bai kwanta ba. A tsakiyar Yuli, lokacin da ko kyanwa ba ta taka kwalta, ya sa malafa ya ɗauki gorar ruwa, ya fara bin murfin ramukan waya daga ƙofar asibiti, ɗaya bayan ɗaya, yana duƙawa yana karanta tambarin da ke kansu. Usaini direban ambulan ya gan shi, ya dawo yana ba da labarin cewa Injiniya ya fara neman rijiyar man fetur tasa ta kansa. Kwana uku yana wannan yawo. A na ukun ya isa wani shataletale, ya tarar layukan nan biyu na kamfani biyu sun shige rami ɗaya, sun kwanta kafaɗa da kafaɗa. A takarda hanya biyu ce. A ƙasa guda ce.

Abin da ya fara samu shi ne takardar gargaɗi daga Sherif, don ya bar ofis a lokacin aiki. Duk baƙo a ƙasar nan ya san nauyin irin wannan takarda, musamman ga mai furfura da iƙamarsa, wato izinin zama, ta kusa ƙarewa. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya koma da roƙo: akwai wani tsohon faranti mai aika saƙo ta iska a sito, a bar shi ya kafa a rufi, ya fuskantar da shi reshenmu na Old Airport, inda suke da nasu layin daban. Don a rabu da shi aka yarda. Daga nan ya tsiri wata ɗabi'a. Duk Alhamis da hantsi sai ya zare layukan biyu da hannunsa na minti biyu, ya ga ko farantin zai ɗauka. Nas-nas suka yi ta mita, suna cewa tsoho ya sake kashe musu aiki. Ya ba su haƙuri, Alhamis ta zagayo ya sake zarewa.

Wata Talata da ƙarfe goma, aka shigo da Haulatu, matar Abdul-Razak mai gyaran lifta, ta faɗi a kicin tana riƙe da kai. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Likitar da ta iya karanta irin wannan hoto tana reshen Old Airport a ranar, kuma ta kwamfuta kaɗai zai isa gare ta. A daidai lokacin katafilar masu gyaran titi ta kafa haƙori a shataletalen nan, ta tsinke layukan biyu a tare. Allunan kwamfuta suka daskare. Sherif ya fito da gudu. Ya tarar da Nasidi tsaye a ɗakin sanyi yana kallon agogo, yana ƙirga a hankali. Kafin ya kai arba'in, wata 'yar fitila a can ƙasa ta koma koriya. Hoton ya tafi. Likita ta bugo waya ta ce jini ne ke zuba a ciki, a wuce da ita babban asibiti yanzu. Usaini ya ja motar. An ce da an ƙara rabin awa, da wani labarin ake yi. Da Sallar bana Haulatu ta zo gaisuwa da ƙafarta, da kular masa a hannu.

Kai ne, Injiniya, wanda bai raina sabon ilimi ba, bai kuma yarda takarda ta tsaya masa a madadin ido ba. Kai ne mai gadin hanyar da ba a gani. Ba ka taɓa ce wa kowa "ai na faɗa" ba. Da Sherif ya zo washegarin tsinkewar layukan ya karɓi takardar gargaɗin ya yaga, kai ka miƙa masa malafa.

"Yalla, ɗana. Zo in nuna maka ramin."

Mun gode, ɗan Gumel. Allah ya sa ka huta lafiya, ya ba ka ladan kowace fitila da ta ƙyafta a hannunka. Ku kuma samarin da ke riƙe da layukan ofisoshi da asibitoci, ku sayi sababbin na'urori, ku hau girgijenku, amma wata rana ku sauko ku taka ƙasa ku ga inda wayarku ta bi. Idan kun bi ta Al Sadd ran Alhamis kuka ga wani matashi da malafa ya duƙa a kan murfin rami, kada ku yi masa dariya. Sherif ne.