Rabin Ƙwayar Kawu

Jiya a Kasuwar Daji na ga mutumin nan mai tiren magani yana miƙa wa wani manomi ƙwayar tiramol kamar goro. Sai da na nemi wuri na zauna. Shi ne ya fara sayar wa Kawu, ƙanen mahaifiyata, bayan babur ya kayar da shi a hanyar Shinkafi, ciwon baya ya hana shi noma.

Har yanzu ina ganin Kawu a gindin dalbejiya, hannunsa na warin taki, yana raba ƙwayar da farce. "Rabi ya ishe ni, ɗana." Rabin ya koma ɗaya, ɗaya ta koma huɗu.

Ni na ba mutanen gida shawara muka ɓoye masa ƙwayoyin gaba ɗaya, lokaci guda. Sati biyu yana zufa, yana hamma, ƙafafunsa na harbawa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ba son raina ba ne, jikin ne ke kira." Ban yarda ba. Ranar da ya sake samun ƙwayar, ya sha huɗun da ya saba, bai sake tashi ba.

Daga baya malamar asibiti ta ce ƙwaƙwalwa ce ke sabawa, a hankali ake ragewa, kuma wanda ya kwana biyu bai sha ba, jikinsa ba ya ɗaukar adadin da ya saba. Wa ya taɓa faɗa mana?

A zaman makoki ana raɗa "ɗan ƙwaya", amma mai tiren da ya zo, tabarma aka shimfiɗa masa.

Allah ka ba Kawu barcin da babu zufa, ka sa ya yafe mini sati biyun nan.