Tarar Farko da Pyo Ya Rubuta

Pyo Man-sik ba jarumi ba ne, ba kuma zan ce kyakkyawa ne ba. Gajere ne mai faɗin kunne, hular aikinsa kullum ta fi kansa girma. Ɗan masunci ne daga kudu, amma jirgin ruwa amai yake sa shi, har uban ya haƙura ya turo shi birni. Ya yi dako, ya yi leburanci har bayansa ya ƙi, sannan ya samu gadin ƙofar baya ta jami'ar da ke saman unguwarmu. A nan ya tsufa, shi da butar shayinsa.

Ta ƙofar nan muke shiga lokacin kaka, mu tsofaffin matan unguwa, mu tsinci dotori, 'ya'yan itace masu taurin ɓawo, a ƙarƙashin itatuwan bayan ɗakin karatu. Mu shanya, mu niƙa, mu tuƙa, in ya daskare mu yanka mu ci da yaji. Dokar gari ta daɗe da hana tsintar, wai a bar wa kurege abincin hunturu. Amma 'yan sanda kaɗai ke rubuta tara, su kuwa ba sa hawa tudu. Iyakar Pyo ya ce, "Iyayena, ku rage wa kurege mana." Mu ce, "Surukinka ne?" Sai ya yi dariya, ya ɗaukar wa mai ciwon gwiwa jakarta har gangare.

Shekarun baya majalisar gari ta ba masu gadin jami'a ikon rubuta tara kamar 'yan sanda. Abokan aikinsa suka duƙufa: mai shan taba, mai ajiye babur a hanya, babu wanda ya tsira. Pyo bai rubuta ko ɗaya ba. Sabon shugabansu ya kira shi ya ce in kaka ta wuce a haka, ba za a sabunta masa aikin ba. Matarsa ce ta gaya mini a gidan wanka, tana cuɗa mini baya. Mutum mai shekarunsa da wannan bayan, babu mai ɗaukarsa ko'ina.

Muka taru muka yanke shawarar mu ba shi mai laifi. Na ce ni zan je. Maman Dong-hun, wadda ta girme mu duka, ta ce, "Ke? Da wannan bakin naki? Kafin ya buɗe biro kin sa shi kuka. Zauna."

Da safe, lokacin da shugaban ke zagaye, ta dogara sandarta ta hau tudun, muna biye. Ta zazzage dotori a bakin tagar ɗakin gadi.

"Ga shi, na tsinta. Rubuta."

"Haba Yaya," in ji Pyo a hankali, "kwashe ki wuce, ban gani ba."

"Bayan ciwon baya har makanta ta same ka? Ga maigidanka can yana kallo."

"Kin girmi babbar yayata fa. Ta ina zan fara?"

"Ta sama, sakarai, inda ake sa suna."

Ya ɗauki biro hannunsa na rawa, sai kuma ya tsaya. Ya ɗago kai.

"Yaya, yi haƙuri. Yaya sunanki?"

Muka kalli juna. Mun yi wanka tare, mun binne mazajenmu tare, babu wadda ta sani. Tun da ta haifi Dong-hun sunanta ya shige ƙarƙashin nasa. Ita kanta sai da ta lalubo shi, kamar daga ƙasan akwati, sannan ta ce:

"Gil Ok-bun."

"Ok-bun," ya maimaita yana rubutawa.

"Kai, marar kunya! Wa ya ce ka faɗa?" Fuskarta ta yi ja har wuya. Can sai ta ce, "To, sake faɗa in ji ko ka rubuta daidai."

Ya sake faɗa. Ya fito, ya cire hula, ya sunkuya ya miƙa mata takardar da hannu biyu, kamar mai ba da kyauta a gidan biki. Ta ninke ta, ta sa a aljihun ciki. Muka ce za mu haɗa mu biya, ta ce takardar wa, sunan wa ke kai?

An sabunta masa aikin. Bai zama gwanin tara ba, ba kuma zai zama ba. In ya ga ɗalibi da taba, tari yake yi daga nesa har yaron ya kashe. Don haka kowace kaka mukan ba shi mace ɗaya, bi da bi. Bana ni ce. Na riga na aika masa ta bakin matarsa cewa kada ya tsaya yana mini rawar hannu, ina da wanki a gida.