Gadon Kara

Jiya jikata Nana ta dawo daga jardan, makarantar ƙananan yara, da ɗan gado na sillen kara, wai madam ta koya musu, na 'yartsana ne. Ban san lokacin da na fizge shi ba. Yarinya ta fashe da kuka, uwarta ta yi tsaye tana kallona.

Zamanin Nasara, ina 'yar mitsitsiya a ƙauyenmu kusa da Guci, sanƙarau ya shigo mana da bazara. Aka kafa rumfunan zana a bayan gari, wanda aka kai can da wuya ya dawo da ƙafarsa. Kullum ta kafar danga muke leƙen makara tana wucewa.

Sai muka daina bikin 'yartsana. Ni da Delu, 'yar maƙwabtanmu, muka koma ƙera makara da kara. Kowace 'yartsana da sunan mai ita. Mu naɗe ta a tsumma, mu rera mata waƙar rakiyar amarya, don ita kaɗai muka iya, mu turbuɗe ta a gindin rumbu.

Ran nan Inna ta ritsa mu.

"Me kuke yi haka?"

Delu ta nuna ni ta ce, "Jana'iza, Inna. Yau ita ta mutu, gobe ni."

Inna ta tattake makarar. "Tofar da yawu, 'yar nan!"

Delu ta tofar tana dariya.

Delu ba ta ga ruwan farko na daminar nan ba.

Da safen nan na mayar wa Nana gadonta. Ku da kuka ga irin waccan bazara, wane wasa ne har yau ba ku iya kallo?