Gudun Gefen Tafki da Saƙon Mama

Gari bai gama wayewa ba muka tashi daga unguwarmu ta Nasarawa, mu huɗu cikin tsohuwar motar wani ɗan ƙungiyarmu ta gudu, za mu Abuja tseren kilomita ashirin da ɗaya. Sauran ukun lambar yabo suke hange, ni kuwa saƙo nake ɗauke da shi. Mama, wadda ciwon ƙafa ya zaunar a gida, ta ce kada in dawo mata sai da abokina.

Tare muka tashi da shi, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Sallah a gidansu nake ci, shi kuma Kirsimeti a namu. Da rikici ya ci gidansu suka koma Unguwar Mu'azu, can ƙetaren kogi, kuma tun ranar bai sake taka layinmu ba. Gari ɗaya muke, amma sai mun je Abuja za mu ga juna, don shi ma zai shiga tseren. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Hanya ba laifi. Sojoji sun koma bariki, sai 'yan sanda a shingaye, hannun dai iri ɗaya ne. Kowace bishiya ta sha hoton ɗan takara yana murmushi. A Kateri muka tsaya cin doya da ƙwai, mai doyar ta tsuga kuɗi, ta ce ita ma ribar dimokuraɗiyya take ci.

A bakin tafkin da za a yi tseren na same shi, a Suleja ya kwana wurin 'yan'uwa. Ya rame, furfura ta fito masa. Muka rungumi juna, muka shiga zancen takalma. Ba a fara gudu ba sai da rana ta yi zafi, don jiran wani babban baƙo da ya zo ya karanta jawabi da tumbinsa a kan amfanin motsa jiki.

Tsarin shi ne a zagaya tafkin sau huɗu, duk zagaye a saƙala maka roba a hannu. Wurin yana da kyau, ga inuwa, ga masu kwalekwale, amma a karo na biyu ka riga ka haddace komai, har mai gasa masarar da ke yi mana dariya. A zagayen farko na ce masa, “Mama na nemanka.”

“Allah sarki Mama. Bari mu gama wannan tukuna,” in ji shi.

Na biyu ma haka ya ce. A na uku numfashi ya hana ni magana, shi kuma ya ji daɗin hakan. Sai a na ƙarshe, da ƙafafu suka yi nauyi muka koma tafiya, ya ce, “Ka san in zan shiga wurinta sai na wuce ta ƙofar gidanmu. Me aka yi a wurin yanzu?”

Na ce masa shagon wanki da guga ne. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da gudu. Mun ƙarasa cikin na baya-baya, ruwan sha ma ya ƙare, aka rataya mana lambobi masu kama da marfin gwangwani.

Ya yarda mu rage masa hanya, sai na ɗauka an gama magana. Da la'asar sakaliya muka tsaya a bakin titin Nasarawa, ana hango kwanar layinmu. Ya fito ya tsaya yana kallonta. Can sai ga bas mai haye gada, ya ɗaga mata hannu.

“Ka gaishe ta da kyau. Ka ce zan zo,” ya ce, ba tare da ya dube ni ba.

Tafiyar nan ta koya mini cewa mutum zai iya jure kilomita ashirin da ɗaya da ƙafa, ya kasa taka layi guda, kuma ban ga laifinsa ba. Na tarar da Mama a tabarma, ta sa an yi paten acca, an zuba kwano biyu. Ba ni ta fara duba ba, bayana ta leƙa. Ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta ce, “Turo ta, sauro na shigowa.”